Florence Nightingale: Baturiya Mai Fitila da Gajiyar Masu Jiyya

Duk wanda ya taɓa zaman jiyyar ɗan'uwansa a asibiti, ko da na kwana uku ne, ya san abin da a ke kira gajiya. To, ina ga wanda jiyya ita ce sana'arsa, dare da rana, shekara da shekaru? Wannan shi ya sa na ga ya kamata in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu labarin Florence Nightingale, wadda a ke ce mata Baturiya Mai Fitila. Da yawa cikinmu mun ga hotonta tun muna firamare, tana riƙe da fitila tana zaga gadajen sojoji. Amma ba kowa ya san abin da wannan zagaye ya jawo wa lafiyarta ba, balle abin da ta yi daga baya don kada masu jiyya na bayanta su sha irin wahalar da ta sha.

An haife ta ran 12 ga watan Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, lokacin iyayenta suna yawon buɗe ido, sai suka sa mata sunan garin. In mai karatu yana so ya kwatanta da tarihin ƙasarmu, tana 'yar shekara 3 ne Likita Oudney, abokin tafiyar Clapperton, ya rasu a Murmur kusa da Katagum, cikin watan Janairu, 1824. Ubanta, William Nightingale, mawadaci ne ƙwarai, yana da manyan gidaje biyu a Ingila, ɗaya a ke kira Embley, ɗaya Lea Hurst. Shi da kansa ya koyar da ita da yayarta Parthenope. Ta iya Faransanci da Jamusanci da Italiyanci, ta karanta Latin da harshen Girka, amma ba abin da ta ke so kamar lissafi.

A cikin watan Fabrairu, 1837, tana da shekara 16, ta ji a ranta Allah ya kira ta ga wani aiki, ko da ya ke ba ta gane irin aikin ba tukuna. Sannu a hankali ta ga jiyyar marasa lafiya ce. A 1845 ta nemi izinin iyayenta ta shiga asibitin Salisbury ta koyi aikin, suka ƙi sam. Kada mu yi saurin ganin laifinsu. A zamanin nan asibitocin Ingila wuraren ƙazanta ne da wari, masu jiyya kuwa yawancinsu mata ne matalauta waɗanda ba wanda ya koya musu kome, ga ƙaramin albashi, ga sunan mashaya da ya bi su. Ɗiyar babban gida ta ce za ta yi wannan aiki abin kunya ne ga dangi duka. Ta yi ta haƙuri shekara da shekaru, tana karanta rahotannin asibitoci a ɓoye da asuba kafin mutanen gida su tashi. Wani mutum mai daraja, Richard Monckton Milnes, ya daɗe yana neman aurenta, a 1849 ta ba shi haƙuri, domin ta ga aure zai raba ta da abin da ta sa gaba.

A 1851 ta sami tafiya Kaiserswerth a ƙasar Jamus, inda wani fasto, Theodor Fliedner, ya kafa gidan koya wa mata jiyya, ta yi wajen wata uku a can. A 1853 ubanta ya yanka mata fam 500 kowace shekara, cikin watan Agusta kuma aka ba ta shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a titin Harley, cikin birnin Landan. Abin da ta fara yi a wurin nan ya isa a lura da shi. Ta sa aka ja famfon ruwan zafi zuwa kowane bene, aka kafa na'urar ɗaga abinci daga kicin zuwa sama, aka kuma sa ƙararrawa mai nuna ɗakin da aka buga ta. Dalilinta shi ne, mai jiyyar da ta ƙare ƙarfinta wajen hawa da sauka da bokiti, ba ta da sauran ƙarfin da za ta duba majiyyaci.

Ana nan sai yaƙin Kirimiya ya tashi. A watan Maris, 1854, Ingila da Faransa suka shiga don taimakon Turkiyya a kan Rasha. Ba a daɗe ba jaridar Times ta fara buga labarin yadda sojojin Ingila masu rauni ke mutuwa ba mai kula da su, mutane suka fusata. Sidney Herbert, sakataren harkokin soja, wanda ya san Florence tun da, ya rubuta mata ya roƙe ta ta tafi. Ran 21 ga Oktoba ta tashi da mata 38, suka isa Sukutari, hayin birnin Istambul, ran 4 ga Nuwamba. Kashegari aka gwabza a Inkerman, jiragen ruwa suka yi ta kwaso masu rauni suna jibgewa.

Asibitin nan tsohon barikin sojan Turkawa ne, an gina shi bisa magudanan ƙazanta da suka toshe. An ƙiyasta tsawon jerin gadajen ya kai mil 4. Ga ɓeraye, ga ƙuma, ga ƙwarƙwata, ba isasshen sabulu, ba tawul, ba rigunan sakewa. Kwalara da atuni da zazzaɓi iri iri su suka fi harsashi kisa nesa ba kusa ba. A hunturun farko kaɗai sojoji 4,077 suka mutu a wurin. Likitocin soja da farko ba su so zuwan matan ba, ita kuwa ta hana mutanenta taɓa majiyyaci sai likita ya nema. Da aiki ya fi ƙarfin likitocin, tilas suka nema. Ta sayo buroshi aka wanke daɓe, ta kama haya wani gida aka mai da shi wurin wanki, ta sayo riguna da kwanuka da cokula da kuɗin da mutane suka tara da na aljihunta. Ta kan sa a kwantar da waɗanda ciwonsu ya fi tsanani kusa da inda masu jiyya ke zama, don a riƙa ganinsu kowane lokaci. Da dare in an sallami sauran mata, sai ta ɗauki fitila ta zaga ita kaɗai. In ta koma ɗaki kuma ba barci za ta yi ba, sai ta zauna rubutu, wasiƙu zuwa ga hukuma a Landan, da na ta'aziyya zuwa ga iyaye da matan waɗanda suka mutu. Waɗanda suka gani sun ba da labarin wata rana ta kan yi sa'a 20 a tsaye.

Duk da wannan ƙoƙari mutuwa ba ta ragu ba. A watan Fabrairu, 1855, cikin kowane majiyyaci 100 wajen 42 ke mutuwa. Sai cikin watan Maris gwamnati ta aiko da kwamitin tsabta, cikinsu da Likita John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Suka sa aka yashe magudanai, aka huda tagogi iska ta shiga, har mushen doki aka tsamo daga hanyar ruwan sha. Kafin watan Yuni mutuwa ta sauko zuwa wajen 2 cikin 100. Florence ba ta manta da wannan darasi ba har ƙarshen ranta, watau kome himmar mai jiyya, in wurin aikin ya lalace, himmar ba ta isa.

A watan Mayu, 1855, ta ƙetare teku zuwa Balaklaba don ta duba asibitocin da ke bakin daga. Kwana kaɗan da isarta zazzaɓi mai zafi ya kayar da ita, har aka fid da rai. Da ta ɗan farfaɗo likitoci suka ce ta koma gida ta huta, ta ƙi, ta koma bakin aiki ƙafafunta na rawa. Ba ita kaɗai ta sha wuya ba. Cikin matan da suka yi jiyya a yaƙin nan waɗansu kwalara ko zazzaɓi ya kashe su, waɗansu aka mai da su gida ba lafiya, waɗansu kuma aka sallame su saboda shan giya. Sai da sojan ƙarshe ya bar asibiti sa'an nan ta tashi. Ta iso Ingila cikin watan Agusta, 1856, da sunan aro don gudun taron tarya, ta sauka a tasha ta taka da ƙafa zuwa Lea Hurst.

Mai hankali zai ce yanzu lokacin hutu ya yi. Ina! Tunanin dubban samarin da ta ga sun mutu a banza ya hana ta sakat. Cikin watan Satumba ta gana da Sarauniya Victoria a Balmoral, ta nemi a kafa babban kwamitin binciken lafiyar soja, aka kuwa kafa shi a 1857, Sidney Herbert ne shugaba. Da taimakon William Farr, gwanin ƙididdiga, ta tattara alƙaluman mace-mace, ta rubuta rahoto mai shafi fiye da 800, ta zana su cikin wani zane mai kama da faifai wanda ko wanda bai iya lissafi ba zai duba ya gane cuta ce ta cinye rundunar. Ba ta cin abinci sosai, ba ta barci, in an ce ta huta sai ta yi fushi. A watan Agusta, 1857, tana da shekara 37, jikinta ya ƙi, ta faɗi warwas. Aka kai ta Malvern shan magani, kowa ya ɗauka ajali ne.

Ba ta mutu ba, ta ƙara shekara 53 a duniya, amma fiye da shekara 20 daga ciki yawanci a kwance ta yi su, wani lokaci ko tafiya ba ta iyawa sai an ɗauke ta. Tana fama da bugun zuciya, da ciwon baya mai tsanani, da rashin barci, da baƙin ciki, ba ta son ganin mutum fiye da ɗaya a lokaci guda, har uwarta da yayarta ta kan hana su shigowa. A 1995 wani masani, David Young, ya bayyana cewa alamun nan sun yi daidai da cutar burusela, wadda a ke ɗauka daga madarar awaki ko ta shanu da ba a dafa ba, irin wadda makiyayanmu ke kira bakkale in ta kama dabba, yawancin masana kuwa sun yarda da shi. Amma ko da cutar ce tushe, ba shakka ƙin hutu bayan zazzaɓin Balaklaba da aikin shekara uku ba sassauci sun ƙara wa wutar itace.

A nan akwai abin da masu yabonta su kan tsallake, ya kuwa kamata a faɗa. Wanda ba ya tausayin kansa, da wuya ya ga gajiyar na kusa da shi. Sidney Herbert ya kamu da ciwon ƙoda, likitoci suka ce ya ajiye aiki, ita kuwa ta yi ta matsa masa ya ƙarasa gyaran ma'aikatar soja. Ya rasu ran 2 ga Agusta, 1861, yana da shekara 50. Bayan wata uku Arthur Clough, mijin 'yar'uwarta, wanda ya daɗe yana yi mata aike da rubuce-rubuce, shi ma ya rasu yana da shekara 42. Mutuwar mutanen nan biyu ta girgiza ta ƙwarai.

Daga kan gadon nan nata ta yi aikin da ya fi na Kirimiya amfani. Mutanen Ingila sun tara mata kyautar wajen fam 44,000, ta sa kuɗin aka buɗe makarantar koyon jiyya a asibitin St Thomas na Landan a 1860, da ɗalibai 15. Dubi yadda ta tsara zamansu. Kowace ɗaliba da ɗakinta, ana ba ta abinci da tufafin aiki da fam 10 a shekara, akwai lokacin aiki, akwai na karatu, akwai na fita shan iska. Daga baya aka naɗa wata babba wadda aikinta shi ne kula da zaman ɗaliban da lafiyarsu. In ta ji wata cikin ɗalibanta ta jigata a wurin aiki, ta kan aika mata da abinci da littattafai, ta kuma shirya mata zuwa ƙauye hutu. A littafinta Notes on Nursing, wanda ya fito a ƙarshen 1859, ta keɓe babi guda a kan tsarin aiki, inda ta nuna gwanar mai jiyya ita ce wadda ta shirya al'amura yadda in ba ta nan ma za a yi abin da ya kamata. Ashe wadda ta ƙi komawa gida hutu ta gane daga baya aikin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya faɗi aikin ya faɗi.

Duk da haka sai da ta ƙara ganin wata hasara. Agnes Jones, ɗaya daga cikin ɗalibanta na gaba gaba, an aika ta gidan gajiyayyu na Liverpool a 1865 da ƙwararrun masu jiyya 12 kacal, majiyyata kuwa sun fi 1,000. Ta gyara wurin har kowa ya yi mamaki, amma tana fara aiki tun kafin gari ya waye, ba ta kwanciya sai dare ya raba. Zazzaɓin da ƙwarƙwata ke kawowa ya same ta jiki ya riga ya raunana, ta rasu a watan Fabrairu, 1868, tana da shekara 35.

Florence ta ci gaba da rubutu a kan ginin asibitoci da tsabtar ƙauyukan Indiya, ƙasar da ba ta taɓa takawa ba. Wajen 1880 ciwon ya sassauta, halinta ma ya yi laushi, ta koma shiri da dangi. Wajen 1901 idanunta suka tafi. A 1907 Sarki Edward na Bakwai ya ba ta lambar girma ta Order of Merit, ita ce mace ta farko da ta samu. Ta rasu a Landan ran 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90, shekara shida kafin a taso da gadon sarautar Katagum zuwa Azare a 1916. An so a binne ta a Westminster tare da manyan ƙasa, dangi suka bi wasiyyarta, aka kai ta maƙabartar ƙauyen East Wellow kusa da iyayenta.

Reshen itacen da ta dasa ya iso har Nijeriya. Kofoworola Pratt, wadda malamar makaranta ce a Ikko kafin ta sake sana'a, ta shiga makarantar St Thomas a 1946, a 1965 kuma ta zama shugabar ma'aikatan jiyya ta ƙasar nan duka. Dabarar nan ta tara masu matsanancin ciwo wuri ɗaya a sa musu ido ita ma ta girma. A 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Kopenhegan na ƙasar Danmak, yara da manya suka kasa numfashi. Bisa shawarar Likita Bjorn Ibsen aka sa ɗalibai wajen 1,500 suna karɓa-karɓa, suna matsa jakar roba da hannu don tura iska cikin huhun majiyyata, dare da rana. A 1953 Ibsen ya buɗe ɗakin da a ke ɗauka shi ne na farko na kulawa ta musamman irin na yanzu. A irin ɗakin nan ƙa'ida ita ce nas ɗaya ta tsare majiyyaci ɗaya ko biyu, idonta a kan na'ura, kunnenta a kan ƙararrawa.

Gajiyar da irin wannan aiki ke haifarwa sai a 1974 wani masanin halin ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kanta ya ba ta suna. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da wurin aiki ke jawowa, ta kuma ba da alamunta uku. Na farko, ƙarfin mutum ya ƙare, irin gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya korewa. Na biyu, zuciyarsa ta janye daga aikin, har ya fara ganin majiyyaci kamar kaya. Na uku, aikin nasa ya ragu, ya ga kamar ba ya tsinana kome. Shekarar 2020, da aka keɓe don girmama masu jiyya da ungozoma saboda cikar Florence shekara 200 da haihuwa, ita ce kuma shekarar da annobar korona ta cika ɗakunan nan maƙil, duniya ta ga alamun nan uku da idonta.

To, 'yan'uwa, mu a nan Azare labarin nan bai yi mana nisa ba. Babban asibitin Gwamnatin Tarayya da ke garin nan yana karɓar majiyyata daga ƙasar Katagum da Jama'are da Misau, har da maƙwabtanmu na Yobe da Jigawa, a 2021 kuma aka kafa jami'ar koyon aikin lafiya a garin. Cikin yaran da za mu koyar gobe akwai waɗanda za su tsaya a ɗakunan nan. In mun ba su labarin Baturiya Mai Fitila, mu ba su shi cikakke, da faɗuwarta ta 1857, da mutuwar Agnes Jones, da famfon titin Harley, da ɗakunan kwanan St Thomas. Mu koya musu cewa neman hutu da neman isassun abokan aiki ba ragwanci ba ne, hakkin majiyyaci ne ma, domin hannun da ke rawa don gajiya shi ke kuskuren allura. Masu riƙe da asibitoci kuma, ko ina su ke, nauyin da ke kansu shi ne wanda kwamitin tsabta ya ɗauka a Sukutari, watau gyaran wurin aikin kansa: yawan ma'aikata, da tsarin aikin dare, da albashi a kan kari, da wurin da nas za ta ɗan kishingiɗa.

Mu kuma da kan mu, ran da muka kai ɗan'uwa asibiti muka tarar da nas fuska a murtuke, kafin mu ce ba ta da kirki mu tuna wataƙila tun jiya da magariba ba ta zauna ba. Sannu da aiki ba ta cin kuɗi. Mu malamai ma aikinmu ɗan'uwan nasu ne, aji mai yara da yawa yana iya cinye mutum kamar yadda ɗakin majiyyata ke yi, saboda haka darasin tsarin aiki da hutu namu ne mu ma. Ran 12 ga Mayu ta kowace shekara, ranar haihuwar Florence Nightingale, ita ce ranar masu jiyya ta duniya. Zai yi kyau in ta zagayo ɗaliban wannan kwaleji su tura wakilai asibiti su yi wa ma'aikatan jiyya barka da aiki. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma ƙarfafa masu jiyyarsu, amin.